Gwajin ya faranta mini rai, zaman tattaunawar ne ya ɓata lamarin

Wata bakwai ke nan da na fara kai ɗana wani asibitin kuɗi na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna, kuma na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan sharhi saboda zuciyata ta rabu biyu a kansu. Yaron shekararsa 9, yana aji huɗu na firamare. Tun yana aji ɗaya ake kawo mini ƙararsa, cewa ba ya zama a kan benci, yana amsa tambaya kafin malami ya gama yin ta, kuma da wuya mako ya ƙare bai yar da fensir ko littafi ba. A Islamiyya ya shekara biyu a izu ɗaya, alhali idan na zauna da shi mu biyu a ɗaki sai ya riƙe karatun nan da nan. An yi bulala, an yi rubutun sha, an yi ruƙiyya har sau biyu, daga ƙarshe dangin mahaifinsa suka yanke hukunci cewa ƙiriniya ce kawai da sangarta, kuma ni ce na sangarta shi.

Na je ne da tsammanin likita zai dube mu na minti biyar ya rubuta magani, amma abin da na tarar ya bambanta ƙwarai. Likitar ta zauna da mu kusan awa ɗaya da rabi. Ta tambayi yadda na yi rainon cikinsa da yadda haihuwar ta zo, da lokacin da ya fara tafiya da magana, da yadda yake barci, ko yana minshari, ko ya taɓa jijjiga, ko yakan ƙura ido ya yi shiru kamar ba ya tare da mutane. Kafin ta faɗi komai game da ADHD, wato lalurar rashin natsuwa da kasa mayar da hankali, sai da ta tura mu a duba masa ido da kunne, domin a cewarta yaron da ba ya ganin allo sosai ko ba ya jin malami shi ma yakan kasa natsuwa a aji. Ta bayyana mini ƙa'idar da likitoci ke bi: dole alamun su kasance sun fara kafin shekara 12, sun kai aƙalla wata shida, kuma ana ganinsu a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta. Ta ba ni takardar tambayoyi ta Conners guda biyu, ɗaya in cike, ɗaya malamin ajinsa ya cike. Da na ambaci Islamiyya sai ta ƙaro ta uku, ta sa wata nas ta zauna ta rubuta fassarar tambayoyin da Hausa a gefe domin malamin ya gane. Wannan ƙaramin abu shi ya sa na amince da ita.

Bayan mako uku, da takardun suka dawo, ta tabbatar ADHD ce, ta ce da ni: "Hajiya, wannan ba gazawarki ba ce wajen tarbiyya, kuma duka ba zai gyara shi ba." Allah ne shaida, hawaye na riƙa yi a cikin mota har muka iso gida Zariya. Ta fara shi da ƙaramin awo na maganin methylphenidate, ta gargaɗe ni cewa zai iya rage masa cin abinci da barci, kuma duk zuwa ana auna nauyinsa da tsayinsa da bugun zuciyarsa. Maganin yana cikin waɗanda hukuma ta sa wa ido, saboda haka ba kowane kantin magani ke da shi ba, kuma ba a ba da shi sai da takardar likita. Da a nan labarin ya tsaya, da babu abin da zan rubuta sai godiya.

Likitar ta nanata cewa magani kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa da zaman tattaunawa da masaniyar halayyar ɗan Adam wadda za ta koya mini yadda zan bi da shi a gida. A wurin karɓar kuɗi aka ce sai na biya zama shida gaba ɗaya, na kuwa biya ba tare da gardama ba. Zama biyun farko sun yi amfani sosai. Malamar ta koya mini in riƙa ba shi umarni ɗaya tak a lokaci guda ina kallon idonsa, in yaba masa nan take idan ya yi, in kuma raba masa aikin gida zuwa minti goma-goma. Ta zana masa jadawali a kwali inda zai liƙa tauraro duk ranar da ya shirya jakarsa da kansa, ta ce ya kawo mata ta gani a zama na gaba.

Ranar zama na uku Asabar ce. Muna idar da sallar asuba muka nufi tasha, yaron yana rungume da kwalinsa, ya tara taurari goma sha ɗaya, kuma tun dare yake ƙirga su. Ƙarfe tara muna asibitin. Aka karɓi katinmu aka ce mu zauna, muka zauna har aka kira azahar. Duk wanda yake da irin wannan yaro ya san abin da ake nufi da a zaunar da shi awa huɗu a ɗakin da babu komai sai kujeru da talabijin. Ya hau kujera, ya sauka, ya taɓa labule, ya buɗe ƙofar da ba a ce a buɗe ba, har wata baiwar Allah da ke jiran layi ta ce mini, "Ki tsawata masa mana." Sau uku ina zuwa wurin yarinyar da ke karɓar kati, tana ce mini in ƙara haƙuri. Sai a na huɗun ta ɗaga kai daga wayarta ta ce, "Mama, ai malamar ta bar aiki tun makon jiya, ba a gaya miki ba?"

Suna da lambar wayata. Sun sha turo mini saƙon tunin biyan kuɗi a kanta, amma aka rasa wanda zai kira ni ya ce kada in taso daga Zariya. Ba na ganin laifin malamar, domin na san masu wannan ilimi ƙalilan ne a ƙasar nan kuma da yawansu suna tafiya waje neman abin da ya fi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne tambayar da yaron ya yi mini a bakin ƙofa: "Umma, wani laifin na yi ta ƙi zuwa?" Yaron da ya saba duk abin da ya lalace a ce shi ne, a asibitin da ya kamata su fi kowa sanin haka aka ƙara masa wannan nauyi. Ya naɗe kwalin ya cusa a jaka, ya yi mako biyu bai sake ciro shi ba.

Sai da muka yi jiran wata uku kafin su samo wani. Mutumin kirki ne, amma ba ya jin Hausa, shi kuma yaron Turancinsa bai kai ya faɗi abin da ke ransa ba, sai na zama tafinta a zaman da aka ce nasa ne. Bugu da ƙari babu ko layi ɗaya na bayanan malamar farko a fayil ɗinsa, don haka zama guda cur ya tafi wajen maimaita tarihin da na riga na bayar, kuma suka lissafa shi cikin shidan da na biya. Rahoton da za a kai makaranta shi ma ya yi mako bakwai kafin ya fito, kuma da ya fito an rubuta shekarun yaron ba daidai ba. Tun a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ina ganin wurin da ke karɓar kuɗin mutane a wannan fanni ya kamata ya fi haka sanin haƙƙin maras lafiya.

Duk da haka ban daina zuwa wurin likitar ba, domin malamin ajinsa da kansa ya ce yanzu yana gama rubutu kafin a goge allo, a Islamiyya kuma ya shiga izu na biyu. Idan gwaji kake nema, zan ce ka je. Idan zaman tattaunawa ne, kada ka biya shida a dunƙule, ka tambayi ko mai zaman yana jin yaren ɗanka, kuma ka kira su kafin ka hau mota. Ni dai na dakatar da zaman, na nemi a mayar mini da kuɗin ukun da suka rage, an ce in rubuto takarda, na rubuta, yau mako biyar ke nan ina jiran amsa.