Paterson ko Greenville: ina za ka je kallon faɗuwar ruwa?

A birnin Paterson na jihar New Jersey a Amurka, kogin Passaic na rikitowa daga tsayin kusan mita 23, ga rugugi ga feshi. Ƙarfin ruwan nan ne ya ja hankalin Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, har aka kafa garin a 1792 don masana'antu. Nan aka yi ta saƙa siliki, nan Samuel Colt ya soma ƙera bindigarsa a 1836. Tsofaffin gine-ginen jan bulo na nan tsaye. Unguwar ba ta da ƙyale-ƙyale, amma kudancin birnin cike yake da Larabawa da Turkawa, saboda haka abincin halal da masallaci ba sa wuya.

Wurin shaƙatawa na Falls Park da ke birnin Greenville, a jihar South Carolina, ruwansa bai kai wancan ba. Gadar mota ce ma ta rufe shi shekara da shekaru, sai a 2002 aka rushe ta, aka buɗe gadar ƙafa ta Liberty a 2004. Akwai furanni da inuwa, ga shagunan unguwar West End kusa.

Mai tafe da yara ya fi samun sakewa a Greenville. Ni kam Paterson zan nufa.