Hattara da dillalan motocin gas (dizal) na Facebook: abin da ya sami kawuna a Birnin Kebbi

Jama'ar Birnin Kebbi, Jega, Argungu da Kamba, don Allah ku karanta wannan kafin wani naku ya miƙa kuɗinsa. Ba zan kama sunan dillalin motar da ya cuci kawuna ba, don maganar tana hannun hukuma, kuma sunan da ya ba mu ma mun gano na aro ne. Amma yadda yake cutar mutane zan faɗe shi dalla-dalla.

Kawuna malamin makaranta ne, shekara 35 yana riƙe da alli. Da kuɗin sallamarsa suka fito, ba abin da yake so illa motar da za ta kwashe shi da iyalinsa zuwa Yawuri ranar Sallah ba tare da sun je tasha ba. Sai ɗansa ya nuna masa hoton wata mota a Facebook, irin masu ɗan tudun nan da Turawa ke yi wa iyali, ajin su Qashqai da 3008 da Sportage. Ƙirar 2012, inji mai amfani da gas, wato dizal. An rubuta wai 'yar Beljiyam ce, ba a taɓa hawanta a Najeriya ba, kuma ba ta shan mai. Tunda aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan kalmar ta "ba ta shan mai" ita ce ƙugiyar da ake kama mutanenmu da ita.

Ni na raka shi, shi ya sa abin ke cin raina har yau. Mutumin bai ce mu same shi a wurin sayar da motoci ba, a wani wurin wankin mota ya ajiye mu, da La'asar sakaliya. Mun tarar da motar a kunne, tana sheƙi, an fesa turare a ciki. Na ɗora hannu a kan bonet na ji zafi rau, ban kawo komai a raina ba. Ya ce, "Baba Malam, motag ga wata tsohuwa ta hau ta can Turai, daga gida sai kasuwa." Mita ta nuna kilomita 92,000. Muka zagaya cikin gari na minti goma, lafiya lau. Da Kawu ya ce zai kawo bakanikensa da safe, sai ya ce ai akwai wani Alhaji daga Sakkwato da zai zo da kuɗi a daren nan, don dai yana ganin girman furfura ne ya tsaya. A nan take aka tura kafin alƙalami, washegari aka cika. Asusun da aka tura kuɗin ba sunansa ba ne, ya ce na maigidansa ne.

Safiya ta farko da motar ta kwana a gida, sai da aka yi ta murza makulli kafin ta tashi, tana karkarwa, farin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida har maƙwabta suka leƙo. Kwana huɗu bayan haka, mun wuce Kalgo za mu Jega, ƙarfinta ya ɗauke gaba ɗaya. Ka taka totur har ƙasa, ba ta wuce gudun Keke Napep.

Wani bakaniken gas da ya san aikinsa ne ya buɗe mana ido. Da ya kwance gilashin mita, sai ga ɗan guntun baƙin salatif an manna a kan fitilar gargaɗin inji daga ciki. Na riƙe shi a tafin hannuna, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Da ya jona kwamfuta, ƙwaƙwalwar motar ta nuna ta haura kilomita 240,000. An mayar da mitar baya ne kawai.

Ga abin da ya koya mana, wanda da mun sani tun farko da ba a kai nan ba. Waɗannan motocin ba banza ba ne, injinsu na da ƙarko idan ya sami kulawa, kuma gaskiya ne ba su da shan mai. Amma an ƙera su ne don doguwar hanya da tsabtataccen gas. A cikin salansarsu akwai wata matata da ake kira DPF mai tare baƙin hayaƙi. Ba ta wanke kanta sai ta yi zafi sosai, kusan digiri 600, kuma hakan sai a tafiya mai nisa. Mai zirga-zirgar gida, masallaci, kasuwa, toshe ta zai yi. Idan ta toshe, ƙwaƙwalwar motar sai ta rage wa inji ƙarfi, gas kuma ya riƙa zurarewa cikin baƙin mai, har ka ga man yana ƙaruwa a jikin sandar awo maimakon ya ragu. Wannan gurɓataccen man shi ke cinye tobo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska. Sai nozul masu fesa gas cikin inji, waɗanda ɗigon ruwa ko datti a cikin gas ke kashewa, balle gas ɗin jarka na bakin titi. Namu biyu cikin huɗu sun mutu, shi ya sa ba ta tashi da sanyin safiya, shi ya sa kuma dillalin ya tare mu da ita a kunne. An kuma ɗura mata baƙin mai mai kauri don ya ɓoye ƙara da hayaƙi. Bel ɗin tayimin ya tsattsage, da ya tsinke a hanya da fistin ya daki bawul, inji ya tashi daga aiki.

Takardar kwastam ma ta bogi ce. Lambar cesis ɗin da ke jikinta ta bambanta da ta jikin motar da harafi biyu. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, don haka duk motar da aka ce maka daga Kwatano ta biyo ta Kamba ko Tsamiya, takardar nan ce abin fara dubawa. Lambar guda 17 ce, haruffa da alƙaluma, ka zauna ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

In har ka ƙudurta sayen irin wannan mota, kada ka yarda a nuna maka ita da zafinta. Ka je da sassafe, ka taɓa inji ka ji shi da sanyi, a tayar da ita a gabanka, kai kuma kana tsaye a bayan salansa. Kafin ta tashi, murza makulli rabi ka kalli mita: dole fitilar inji ta kama sannan ta mutu bayan an tayar. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Ka tafi da bakaniken gas mai kwamfuta, ba na fetur ba, kuma naka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku hau babban titi, ko zuwa Jega ne ku dawo. Wanda ya ce maka wani na tafe da kuɗi yau, ka ce Allah ya ba shi sa'a.

Motar tana nan ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, kuɗin gyaranta sun fi ƙarfin ɗan fansho. Kawu ya koma hawa kabu-kabu, kuma bai taɓa ce mini uffan ba kan rakiyar da na yi masa. Layin mutumin a kashe yake tun rana ta biyu. Amma makon jiya wani abokina ya turo mini wata talla a WhatsApp: wata motar daban, sabon suna, sabuwar lamba, sai dai bangon wurin wankin motar nan ne a bayan hoton, kuma an sake rubuta cewa tsohuwa ce ta hau ta a Turai.