Kwas ɗin ƙaro ilimi na kociyoyin gudu da na yi ta intanet: abin da na gani

Kwas ne na masu horar da 'yan gudun nesa, daga kilomita 5 har zuwa gudun fanfalaki na kilomita 42.195, kuma an shirya shi ne don wanda ya riga ya fara aikin koci yana son sabunta satifiket ɗinsa ko ya ƙara sani. Ba zan kama sunan kamfanin ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi. Tsarin dai bidiyo ne da rubutu, kowane darasi da 'yan tambayoyi a ƙarshe, sai babbar jarrabawa, sai kuma ka rubuta jadawalin tirenin na wani ɗan gudu ka tura a duba maka.

Ɓangaren farko tarihi ne da tushen horo, kuma gaskiya sun yi ƙoƙari. Sun kawo koci Arthur Lydiard na ƙasar New Zealand wanda a zamaninsa yake sa yaransa gudun mil 100 a sati, wajen kilomita 160 kenan, kafin su taɓa aikin sauri, kuma a haka ɗan gudunsa Peter Snell ya ci zinaren Olamfik a mita 800 a Rum a 1960 ya sake cin mita 800 da 1500 a Tokyo a 1964. Daga nan suka haɗa da binciken masanin kimiyyar wasanni Stephen Seiler da ya nuna manyan 'yan wasan juriya kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yinsa, ɗan ragowar ne kawai mai zafi. Wannan duk koci ya taɓa ji, amma yadda suka nuna yadda za ka gane ɗan gudunka yana wuce gona da iri a ranar sauƙi shi ne ya burge ni, kawai ka bi gefensa ka ja shi da hira, in ya kasa haɗa magana ɗaya sai ya tsaya jan numfashi to ba gudun sauƙi yake ba komai abin da agogonsa ya nuna.

Abin da ya fi min komai shi ne ba sa jin nauyin taɓa dokokin da muka haddace. Misali dokar nan ta kar ka ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisan gudu a sati, sun kawo gwajin da aka yi a Holan aka wallafa a 2008 kan sababbin 'yan gudu sama da 500, waɗanda suka bi dokar da waɗanda basu bi ba duk kusan mutum ɗaya cikin biyar ya ji rauni. Haka lissafin 220 a cire shekaru don sanin iyakar bugun zuciya, sun ce kintace ne kawai kuma yana iya kaucewa sosai daga mutum zuwa mutum.

Sai darasin RED-S, wanda wallahi shi kaɗai ya isa dalilin shiga kwas ɗin. Kwamitin Olamfik na duniya ne ya fito da sunan a 2014, ma'ana ɗan wasa yana ƙona ƙarfi fiye da abin da yake ci har jiki ya fara rufe wasu ayyukansa. Yarinya al'adarta ta ɗauke wata da watanni, ko yaro kullum gajiya, mura bata rabuwa da shi, ƙashin ƙwauri yana tsagewa ba tare da ya faɗi ba, da yawa daga cikinmu sai mu ce ragwanci ne ko kuma mu yi murna wai jiki ya yi shaf-shaf. Sun koyar da yadda za ka buɗe zancen cikin mutunci, musamman koci namiji da 'yar gudu mace, da kuma inda aikinka ya tsaya ka miƙa wa likita. Dan Allah duk mai horar da matasa ya nemi wannan ilimin ko ba a wannan kwas ba.

To amma fa akwai gyara. Rabin misalansu sun ɗauka kowane ɗan gudu yana da agogon GPS da na'urar bugun zuciya, wanda yake aiki da agogon tsayarwa da usur kawai sai ya yi ta juya darasin da kansa. Zancen zafi ma a gurguje suka wuce shi, sun ambaci jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba, da cewa wanda zafi ya buge a fara sanyaya shi da ruwan sanyi tun kafin a ɗauke shi, shi kenan, alhali abu ne na rai da mutuwa. Babbar jarrabawar kuma canki-canka ce, mai haddar tsiya zai cinye ta ko bai taɓa tsayawa bakin fili ba.

Jadawalin da na tura ne ya wanke su a wajena. Mai dubawar ta bi shi sati-sati, ta ja layi a inda na jera gudun tudu da dogon gudu kwana biyu a jere, bata ce kuskure bane, tambaya ta rubuta, wannan mutumin da yake aikin dare yaushe zai yi barcin da zai warware? Ta sa na dawo da dalilin kowace rana a rubuce. Sau ɗaya kawai ake samun wannan dubawar, da za su ƙara ko da kuɗin ya ƙaru zan biya.

In kana da 'yan gudu a hannu yanzu ka shiga, duk darasin da ka gama ka gwada shi a fili a satin. In kuma baka taɓa horar da kowa ba, fara bin wani gogaggen koci kana riƙe masa agogo tukuna, don kwas ɗin ba zai nuna maka yadda takun mutum ke canzawa in ƙafarsa ta fara ciwo yana ɓoye maka ba.