Hular haƙori ta zirkoniya da ta tangaran mai ƙarfe a ciki: abin da na gani a bakina

Na yi shekaru da hular haƙori ta tangaran mai ƙarfe a ciki, wadda aka sa mini bayan an cire jijiyar wani haƙorina na sama da ke tsakanin fiƙa da turame, kuma a yanzu an canja mini ita da ta zirkoniya, wato wani farin tangaran mai tsananin tauri, don haka duka biyun na tauna abinci da su.

Da farko ba ni da ƙorafi a kan tsohuwar hular, domin launinta ya saje da sauran haƙorana. Amma da tafiya ta yi tafiya sai dasashina ya ɗan ja baya, wani siririn baƙin layi ya bayyana a gindin haƙorin, kuma duk gogewar da na yi da buroshi bai gushe ba, saboda ba datti ba ne, gefen ƙarfen ne ya leƙo. Irin wannan hula, wadda likitocin haƙori ke amfani da ita tun shekarun 1960, ƙoƙon ƙarfe ce ake gasa tangaran a bayansa, kuma inda tangaran ɗin ya ƙare ƙarfen yakan nuna kansa. Na haƙura da wannan, ko da yake na koma yin dariya baki a rufe.

Abin da ya fusata ni shi ne ranar da tangaran ɗin ya ɓantare. Ina cikin tauna wani abu mai laushi sai na ji ƙaras, kamar na ciji tsakuwa, da na fito da abin sai na ga ɗan farin ɓarɓashi a tafin hannuna. A madubi kuwa ga ƙarfe nan launin toka a fili, ga kaifi a gefen da ya karye yana kartar cikin kumatuna duk lokacin da na yi magana. Da na koma asibitin aka ce mini ana iya liƙe wurin da farin abin cike haƙori, amma ba lalle gyaran ya daɗe ba, gara a cire hular gaba ɗaya. Har yau ina jin haushin cewa a lokacin da aka sa mini ita babu wanda ya ambata mini cewa tangaran na iya rabuwa da ƙarfe, alhali matsala ce da kowane likitan haƙori ya sani, musamman ga mai cizon haƙora cikin barci irina.

Zirkoniya ta burge ni tun daga yadda aka yi ta. An ɗauki siffar haƙorin da na'ura, inji mai aiki da kwamfuta ya sassaƙa hular daga dunƙule guda, sannan aka gasa ta a zafin da ya kai wajen digiri 1,500. Babu ƙarfe a ciki, babu wani rufi a sama da zai ɓare, kuma nau'inta mai ƙarfi yana jure matsin da ya kai kusan megafaskal 1,000 (ma'aunin matsi ne), yayin da tangaran ɗin da ake shafawa a kan ƙarfe bai cika wuce 100 ba. Baƙin layin nan ya tafi, dasashin wurin ya koma launinsa.

Sai dai murnata ba ta ɗore yadda na so ba. Hular ta fito da ɗan tudu, likita ya rage ta da injinsa a cikin bakina, ya sallame ni ba tare da ya goge wurin ya yi santsi ba. Ba a jima ba haƙorin ƙasa da ke haɗuwa da ita ya fara yi mini tsami, harshena kuma yana jin kaushi a samanta. Wani likitan da na gani daga baya ne ya bayyana mini cewa zirkoniya mai santsi ba ta cutar da haƙorin da ke fuskantarta sosai, amma idan aka bar ta da kaushi sai ta riƙa cin sa a hankali. Ya goge ta, tsamin ya lafa, amma ɗan abin da ya zaizaye daga lafiyayyen haƙorina ba zai dawo ba. Ga kuma launi: a hasken rana ta fi maƙwabtanta fari, kuma haske ba ya ratsa ta yadda yake ratsa haƙori na asali. Akwai nau'in da ya fi kama da haƙori, amma ƙarfinsa bai kai na wannan ba, kuma ba a ba ni zaɓi ba.

Dole in yi wa tsohuwar hular adalci, domin ba ta taɓa girgiɗi ba, kuma da aka yanke ta an tarar da haƙorin da ke ƙarƙashi lafiya lau. Babbar fa'idar zirkoniya, wato ƙarancin abin da ake karcewa daga haƙori kafin a sa ta, ni ban more ta ba, tunda an riga an rage nawa sosai don samar wa ƙarfe da tangaran wuri. Akwai wani turmina na ƙasa da aka ce shi ma yana buƙatar hula, kuma zirkoniya zan zaɓa, amma ba zan yarda a sa simintin liƙe ta ba sai na duba launinta a hasken rana, na kuma shafa samanta da harshe na tabbatar an goge ta.