Wasiƙa daga Baltimo kan rawar hannun Baba

Assalamu alaikum Yaya. Ya sanyin Jos, ya jikin Baba?

Maganar da ka ji gaskiya ce, a nan Amurka ana rage wa masu cutar Fakinsan, irin ta Baba, rawar jiki ba tare da an tsaga kai ba. Sauti ake amfani da shi, dangin na sikanin ɗin da ake yi wa masu juna biyu, sai dai wannan mai ƙarfi ne. Za a aske kan mutum tas, a kifa masa wata hula mai bakin sauti 1,024, a tura shi cikin na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki. Duk sautin sai ya haɗu a ɗigo ɗaya can cikin ƙwaƙwalwa, ya ƙona wurin da ke tayar da rawar. Mutum idonsa biyu, likita na sa shi ya zana layi a takarda don a ga ko hannun ya lafa. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta amince da shi ga masu Fakinsan a 2018. A binciken da likitocin Jami'ar Meriland da wasu suka fitar a 2023 kan mutum 94, kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun samu sauƙi.

Amma Yaya, don Allah kada a sayar da gonar don a yi wa Baba wannan aikin. Aikin ba ya warkar da cutar, tana nan tana tafiya. Wasu kan fito da tangaɗi, ko nauyin baki, ko mutuwar yatsu. Kuɗinsa kuwa, in babu inshora, sai a hankali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a nan shi ne kemis. Tsoffin da nake kula da su maganin Fakinsan mai suna levodopa suke sha, irin na Baba, amma ba ya yanke musu, ba sa fargabar jabu, kuma ana ba su a kan lokaci. Mu kuwa ka tuna watan da ka zagaye Terminus har Farin Gada kana nema, Baba ya kwana goma ko kofin shayi ba ya iya riƙewa. Ranar na yi kuka.

Ka ɗauko mini hoton kwalin maganinsa da lokutan da yake sha, zan turo kuɗin wata shida a saya a ajiye. A gaida Inna da yara.

Ƙanwarka.