Mai dashen itatuwan da ya ƙi sayar min da tuffa

Jama'a duk mai son dasa bishiya a gida bana, akwai wani dattijo cikin masu sayar da fulawa da dashe a gefen titin BUK (Jami'ar Bayero) a Kano, shi nake ba ku shawara ku nema, ba wai don kayansa sun fi arha ba, gaskiya ma ya ɗan fi maƙwabtansa tsada, sai don mutumin ba ya sayar maka da abin da ya san zai mutu a hannunka.

Tuffa na je nema da irin bishiyar nan ta Turai mai ganye kamar allura, ya ce "ɗana a ina za ka dasa?" na ce Kabuga, tsakar gida duk intalok, ya ce to ka riƙe kuɗinka. Tuffa sai ta sha sanyi sosai kafin ta yi fure, mu kuwa Kano tudunmu bai kai mita 500 daga teku ba, a Afrilu zafi na haura digiri 40. Jos ta kai wajen mita 1,200, Mambila ta fi haka, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, shi ya sa abin da ke yi a can ba ya yi a nan.

Kuma wallahi maganarsa ta fi ƙarfin Kano. Can ƙasashen sanyin ma da muke kwaɗayin itatuwansu abin ya rikice musu. A Jamus sun daɗe suna shuka wannan mai allurar da suke ce wa sifurus, ita zalla ba tare da haɗi da wani iri ba, saboda saurin girmanta da katako, har a wuraren da ba mazauninta ba ne, sai fari da zafi suka zo daga 2018 bishiyoyin suka galabaita, wani ƙwaro mai shiga ƙarƙashin ɓawo ya samu yadda yake so, yanzu in ka ga hotunan tsaunukan Harz daji guda a tsaye a bushe, abin tausayi. Yau sun koma cakuɗa iri, suna sa masu faffaɗan ganye da suka fi jure fari. A tsaunukan Faransa kuma wani bincike da ya fito a 2008 ya gano tsirran daji na matsawa sama kimanin mita 29 duk shekara goma, suna bin sanyi, to wanda ya riga ya kai ƙololuwa fa, ina zai je? Mu nan ko tudun da bishiya za ta gudu ba mu da shi, sai dai a zaɓi iri da hankali tun farko.

Abin da Baba ya ba ni: mangwaro mai aure da gwaiba na cikin gida, tsamiya da maɗaci na ƙofar gida, ya ce kar in sa darbejiya jikin katanga don saiwarta na fasa gini, turare kuma yana shan ruwa da yawa, a nisanta shi da rijiya. Ya nuna min faɗin ramin, ya ce a fasa intalok ɗin sosai, taki wanda ya ruɓe ba ɗanye ba, a sa ido kan gara, kuma a jira damina ta zauna kafin dashe. Yana da gawo da ɗorawa da kanya, waɗanda da wuya ka gan su wajen masu fulawa, wannan ya burge ni ƙwarai.

Inda ya gaza, babu suna a jikin ledojin, in ba ya nan yaransa ba sa bambance mai aure da marar aure, ba sa kai kaya gida sai ka nemi mai adaidaita da kanka, kuma ba POS sai tiransifa ko tsabar kuɗi. Ku je da safe lokacin da yake ban ruwa, a nan ne za ku same shi da kansa kuma yana da lokacin yi muku bayani.