Achebe ko Harper Lee: wanne yaron zai ɗauka a hutun bazara?

Hajiya, barka da ƙoƙari. Na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce kuna zaune a Amurka, ɗanki zai shiga aji na 10 bayan hutu, kuma malamar adabin Turanci ta ce kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya tsakanin Things Fall Apart na Chinua Achebe da To Kill a Mockingbird na Harper Lee, ya karanta kafin a koma, sannan ya yi rubutu a kai. Na koyar da duka biyun a sakandare, kuma shawarata ita ce ya ɗauki na Achebe.

Abin da na fara dubawa shi ne karatun hutu yaro shi kaɗai yake yinsa. Daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta babu malamin da zai tsaya a gaban allo ya warware masa abin da ya shige masa duhu ko ya sosa masa rai. Saboda haka sai a duba wane littafi ne ke da mai yin bayaninsa a cikin gida.

Ta fuskar tsawo, bambancin a fili yake. Na Achebe, wanda ya fito a 1958, babi 25 ne gajeru, shafi wajen 200. Na Lee ya fito a 1960, babi 31 ne, kuma ya kusa ninka na Achebe. Turancin Achebe miƙaƙƙe ne, jimloli gajeru, sai dai yaron zai ci karo da sunaye da kalmomin Ibo kamar egwugwu da ogbanje, amma bugu da yawa suna da jerin ma'anoninsu a baya. Lee kuwa da bakin mutanen Alabama na shekarun 1930 take magana, tana rubuta kalma yadda suke furta ta. Wannan ba zai wahalar da yaron da ya tashi a can ba. Abin da zai iya gajiyar da shi shi ne jan ƙafar labarin: babi 11 na farko galibi wasan yara ne da tsoron wani maƙwabci da ba ya fita daga gida, ba a fara sauraron shaidu a kotu sai babi na 17. Ɗalibaina da yawa a nan suke ajiye littafin.

Wanda ya daure ya kai kotun kuwa ya samu ladansa. Tom Robinson, baƙar fata, ana tuhumarsa da yi wa wata farar yarinya fyaɗe. Shaidu sun nuna cewa raunukan suna gefen dama na fuskarta. Sai lauyan Tom, Atticus Finch, ya miƙa wa uban yarinyar alƙalami ya ce ya rubuta sunansa, mutumin ya rubuta da hannun hagu. Da Tom ya miƙe tsaye, kowa ya ga hannunsa na hagu a shanye, tun yana yaro injin gurzar auduga ya lalata shi. Duk wanda ke cikin kotun ya gane gaskiya, har baƙaƙen da aka ware musu saman bene. Amma mutum 12 da aka zaɓa su yanke hukunci, dukansu farare, suka ce yana da laifi. Ban taɓa karanta wannan wurin a aji ba ba tare da ɗakin ya yi tsit ba. Littafin ya cancanci kyautar Pulitzer da ya ci a 1961.

To me ya sa na ce a jinkirta shi? Saboda ɗanki baƙar fata ne a Amurka, kuma kalmar nan ta ƙasƙanci da farare ke jifan baƙaƙe da ita ta cika littafin, tana fita daga bakin manya da yara. Wannan ne ya sa wasu makarantu, kamar na Biloxi a jihar Mississippi a 2017 da na Duluth a Minnesota a 2018, suka janye shi daga manhaja. Ni ba na goyon bayan janyewar. Amma akwai bambanci tsakanin yaro ya haɗu da kalmar a aji, malami na bayanin dokokin wariya na wancan zamani, da ya haɗu da ita shi kaɗai a ɗaki da tsakar dare. Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana damuna: labarin zaluncin da aka yi wa baƙin mutum ne, amma da idon ƙaramar farar yarinya ake kallonsa, gwarzon labarin kuma farin lauya ne. Tom kansa ba ma jin muryarsa sosai sai a akwatin shaida, daga baya mu ji an harbe shi a gidan yari. Yaro yana buƙatar wanda zai nuna masa wannan giɓin, kuma aji ne wurin yin hakan. Da wuya ma ya gama sakandare a can ba a kawo musu littafin ba.

Kada ki ɗauka na Achebe ruwan sanyi ne. Babi na 7 yana da nauyi ƙwarai. Ikemefuna yaro ne da aka karɓo daga wani gari a matsayin diyya, ya shekara uku a gidan Okonkwo, jarumin littafin, har yana kiransa uba. Da aka yanke shawarar kashe shi, wani dattijo ya zo ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu. Aka ce wa yaron gida za a mayar da shi. Yana tafe a daji da tulun bammi a ka, yana tunanin uwarsa da ƙanwarsa, sai aka kai masa sara. Tulun ya faɗi ya fashe, yaron ya ruga wajen Okonkwo neman ceto, shi kuwa ya zare adda ya ƙarasa shi, don kawai kada a ce ya ji tsoro. Akwai dukan mata a littafin, akwai jefar da tagwaye a daji, akwai bautar gargajiya, kuma a ƙarshe Okonkwo ya rataye kansa. Gara ki san duk wannan tun kafin a sayo shi.

Amma a nan ke ce malamar. Baƙo ya zo an fito da goro, miji da mata uku kowace da ɗakinta da tukunyarta, dattawa sun zauna ana daidaita sadaki, mutum ya shiga uku ya nufi dangin uwa, magana ba ta tafiya sai da karin magana: abokan ajinsa sai sun nemi bayani a intanet, shi kuwa sai ya leƙo kicin ya tambaye ki. Sai dai ki nuna masa cewa wannan ƙasar Ibo ce, ba tamu ba. Umuofia, garin su Okonkwo, ba ta da sarki, a dandalin kasuwa ake taruwa a yanke magana, kuma ta ƙofar coci Turawa suka fara shigo musu kafin kotu da gidan yari su biyo baya. Mu kuwa da bindiga aka zo mana: Kano da Sakkwato sun faɗa hannun sojojin Lugga a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin wannan shekarar. Zamani kusan ɗaya ne, mai mulkin mallaka ɗaya ne, hanyoyin ne suka bambanta. Idan yaron ya iya sa wannan kwatancin a rubutunsa, ya kawo abin da ba kowa ne a ajin zai iya kawowa ba.

Babi ɗaya a rana ya isa, cikin kwana 25 ya gama. Ya riƙa karantawa da fensir a hannu, yana ja wa wuraren da suka tsaya masa a rai layi, domin malamai kan nemi a kawo misali daga cikin littafin har da lambar shafi, kuma taƙaitattun bayanan da ke intanet ba za su ba shi wannan ba. Ranar da zai karanta babi na 7, ki kasance kusa. Idan ya kai babin ƙarshe, ki tambaye shi abu ɗaya. Bayan mun bi Okonkwo tun yana saurayi ɗan kokawa har zuwa gawarsa a kan bishiya, Achebe ya miƙa shafin ƙarshe ga Baturen mulki, irin wanda iyayenmu ke kira Di'o, yana lissafin cewa labarin mutumin nan zai cika masa sakin layi ɗaya a littafin da yake rubutawa. Me ya sa marubucin ya rufe da muryar wannan Bature? Amsar da yaron zai ba ki ita ce tushen rubutun da zai kai makaranta.

In kuma ya dage sai na Harper Lee, kada ki hana shi. Ki zaunar da shi ku yi maganar waccan kalmar kafin ya buɗe shafin farko, sannan ku karanta babi na 17 zuwa na 21 tare.